Bencin Baya

Mijina Sulemanu irin mutumin nan ne da in ka ce masa ya tsaya a nan, ko an kece da ruwa zai tsaya, ya kuma ba ruwan haƙuri. Shekara ashirin da huɗu muna tare, ni ce mai faɗan gidan, shi ne mai cewa a bar wa Allah. Da wani ya gaya mini bakinsa ne zai jawo mana magana a coci, ba nawa ba, da na ce mai maganar bai karya ba tukuna.

A wani kamfanin man girki yake aiki a Sharaɗa. Shi ke kula da boila, wato ƙatuwar tukunyar da ke ba injina tururi. Ni kuma a bakin get ɗin kamfanin nake sayar da shinkafa da wake, a gindin darbejiya. Boila ba ta san Juma'a ba, ba ta san Lahadi ba. Ba a kashe ta, ba a kuma barin ta ita kaɗai ko na minti goma. Mutum biyu ne ke da takardar kula da ita da rana, Sulemanu da Malam Musbahu, wani dogon mutumin Ringim wanda in ya yi maka kalma biyar a yini to ranar ya yi surutu. Tare suke aiki, sai dai kowa yana da ranar hutu ɗaya, ranar nan ɗayan zai riƙe boila shi kaɗai.

Wanda ya rubuta jadawalin hutun tun can da, ban san abin da ya sha ba. Kirista ya ba hutun Juma'a, Musulmi ya ba hutun Lahadi. An je ofis an yi magana, aka ce daga Legas takardar ta zo, sai Legas ta gyara. Legas ba ta gyara ba har yau. Su biyun suka yi musanya a tsakaninsu ba tare da wani biki ba: Sulemanu ya riƙe Juma'a, Malam Musbahu ya tafi masallaci, Malam Musbahu ya riƙe Lahadi, Sulemanu ya tafi sujada. Shekara goma sha bakwai ana haka, boila ba ta taɓa ƙorafi ba.

Bara aka kawo mana sabon fasto a cocinmu na Na'ibawa, Fasto Kefas. Matashi ne, ya yi karatu, ya iya wa'azi, wannan ba zan hana masa ba. An taɓa ƙone ƙauyensu yana ɗan makaranta, shi ya gaya mana da bakinsa, don haka in yana maganar tsoro ba a takarda ya karanto ba. Da zaɓe ya gabato ya tafi wani taro a Jos a kan Kirista da siyasa, ya dawo da littafin rubutu uku cike taf da wata sabuwar wuta. Ya ce zamanin cewa siyasa ƙazanta ce ya wuce, mu fito mu zama murya ɗaya. Aka fara duba katin zaɓe a ƙofar coci. Wata tsohuwa ta manta nata, aka bar ta ta shiga, amma a kan sharaɗi.

Sati shida yana wa'azi a kan wannan. A na shida ya ɗauko zancen karkiya, itacen nan da ake ɗora wa shanun huɗa biyu a wuya. Ya ce mai bi ba ya sa wuyansa a karkiya ɗaya da wanda ba mai bi ba, ko a aure, ko a ciniki, ko a ƙuri'a. Sulemanu yana layin dattawa a gaba, yana ta gyaɗa kai. Shi kowane wa'azi gyaɗa masa kai yake yi.

Yana sauka aka shiga lokacin shaida, inda mai abin godiya yake tashi ya faɗa a gaban jama'a. Ina ganin mijina ya miƙe yana gyara wuyan riga, gabana ya faɗi, don ban san shi da tashi ba.

"Ina gode wa Ubangiji," in ji shi. "Shekara goma sha bakwai ban rasa sujadar Lahadi ba ko ɗaya. Ba wayona ba ne. Allah ne ya ba ni abokin aiki, Malam Musbahu. Yanzu haka da nake tsaye a nan yana can a gaban boila a madadina. Ni kuma ina riƙe masa Juma'a ya je masallaci. A taya ni godiya."

Mutum uku suka ce amin, su ma da suka waiwaya suka ga ba kowa, sai suka janye ta. Sulemanu ya zauna yana murmushi, shi a dole ya ƙara wa wa'azin gishiri.

Bayan sujada kwamitin dattawa ya zauna a ofishin fasto. Ba a kira ni ba. Na shiga da kofunan ruwa, na kuma manta hanyar fita.

"Baba Sulemanu," in ji Fasto, cikin ladabi kuwa, "ba mu ce mutumin nan mugu ba ne. Amma ku duba. Duk Juma'a ku ne kuke buɗe masa hanya ya je inda ake koya masa abin da mu muka san ba haka ba ne. Ga zaɓe ya zo. A can ake gaya musu wanda za su zaɓa. Kunne ɗaya kuke ƙara musu duk mako, da hannunku. Wannan in ba karkiya ba ce, mece ce?"

Sulemanu ya ce shi bai taɓa kallon abin haka ba.

Dattijo Istifanus, sakataren coci, mai riƙe da rajista, ya karanto hukunci. A daina musanyar daga wannan mako, in ba haka ba horo: bencin baya. Wanda bai san cocinmu ba ba zai gane ba. Wani dogon benci ne a jikin bango, kusa da inda ake jingine tsintsiya. Wanda aka sa a horo nan yake zama. Ba ya addu'a a gaban jama'a, ba ya waƙa a ƙungiya, kuma ranar Jibin Ubangiji, da ake raba wa masu bi gurasa a coci, farantin ba ya kaiwa wurinsa. Duk wanda ya shigo sai ya gan ka, duk wanda zai fita sai ya wuce ta gabanka yana kallon ƙasa. Masu cikin shege da mashaya aka saba gani a kai. Mahaifin Sulemanu mai bishara ne, da ƙafa ya zaga ƙauyukan Kaciya, kuma mijina ya fi tsoron bencin nan a kan korar aiki.

Na ce, "Fasto, ku yi haƙuri da bakina. In ya daina musanyar, ranar Lahadi wa zai tsaya a boila?"

"Mama, Allah zai buɗe hanya."

"To ai ya buɗe. Shekara sha bakwai tana buɗe. Ku ne kuke neman ƙofar da za ku rufe."

Dattijo Istifanus ya ce an gode da ruwa.

Washegari Litinin, kafin su karɓi boila daga hannun masu aikin dare, su biyun suka zo gindin darbejiya kamar kullum. Na zuba musu. Sulemanu ya juya cokali ya fi sau goma kafin ya buɗe baki.

"Malam, cocinmu sun ce in daina riƙe maka Juma'a."

Malam Musbahu ya gama tauna abin da ke bakinsa. Ya ce, "To."

"Sun ce a can ake gaya muku wanda za ku zaɓa."

"A titi nake samun sahu, bayan tireloli. Ni huɗubar ma ba na jin ta." Ya ƙara yaji. "Amma tunda manyanku sun faɗa, ai shi ke nan. Lahadin fa?"

"Ita ma zan riƙe abata."

"To."

Iyakar maganar ke nan. Ni da na so a yi hayaniya, a buga kwano, ko zuciyata ta huce. Ina! Suka cinye, suka wanke hannu a buta ɗaya, suka shige.

Juma'ar farko Sulemanu ya wuni a gida bai san yadda ake yi da Juma'a ba. Ya gyara ƙofar banɗaki da lafiyarta ƙalau, har ta lalace. Ni kuwa ina bakin get. Ƙarfe ɗaya saura aka buɗe, ma'aikata suka yi ta fitowa, wasu da darduma a kafaɗa, wasu da kwali, masu Keke Napep suna ta kiran masallaci. Cikin minti goma Sharaɗa ta koma kamar an share. Ta tsakanin ƙarafan get na hango Malam Musbahu a ƙofar ɗakin boila, ya sa farar rigarsa ta Juma'a a ƙarƙashin rigar aiki, yana tsaye. Ya ɗan taka zuwa tsakar fili, ya tsaya, ya koma. Ban gaya wa mijina ba.

Ranar Lahadi kuma ni kaɗai na tafi coci, kujerarsa a layin dattawa ba kowa. Haka Lahadi ta biyu. Haka ta uku. Yana can gaban boila da ɗan littafin waƙoƙinsa, yana rera wa tururi.

To a cocinmu akwai doka, tun kafin a haifi Fasto Kefas: dattijon da ya rasa Lahadi uku a jere, ba ciwo ba tafiya, ya shiga horo. Dattijo Istifanus kuwa mutum ne da ko mahaifiyarsa ce ta rasa sai ya ja mata layi a rajista. Ranar Talata da yamma ya kawo mana takarda har gida, da tambarin coci. Wata uku a bencin baya, saboda sakaci da sujada.

Sulemanu ya karanta sau biyu. Launin fuskarsa ya sake. Ni kuwa kaina ya yi zafi har ina jin kunnuwana.

"Dattijo," na ce, "kun ce in ya yi musanya, benci. Ya daina, kun ce benci. Wai ku gaya mini gaskiya, bencin nan ne yake kuka ba kowa a kansa?"

"Maman Nasara, doka ce. Ba ni na rubuta ta ba."

Sai mijina ya ɗago, a hankali, don shi da gaske yake tambaya. "Dattijo, yaushe zan zauna a kai? Ai ina wurin aiki ranar Lahadi."

Dattijo Istifanus ya juya takardar. Ya duba ko amsar tana baya. Ya ce kwamiti zai zauna.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba, awa uku cur, an ce har da littattafan Jos. Ga abin da suka fito da shi, kuma ba na rantsuwa don an hana mu, amma haka aka rubuta. Horo wajibi ne, dole mai horo ya zo ya zauna. Saboda haka an yarda Malam Musbahu ya riƙe wa Sulemanu Lahadi. Amma Sulemanu ba zai riƙe masa Juma'a ba. Fasto ya bayyana cewa karɓar alheri daga hannun kowa ba laifi ba ne, Allah yana iya ciyar da bayinsa ta kowace hanya. Bayarwar ce karkiya.

Na ce, "Wato shi ya ja garma shi kaɗai, mu mu hau bayansa?"

Sulemanu ya ce in yi shiru, na yi, amma sai da na fasa murfin tukunya.

Washegari ya kasa yi wa Malam Musbahu maganar. Kunya ta hana shi ko zuwa gindin darbejiya, a ɗakin boila yake cin biredi. Ranar Alhamis Malam Musbahu ya zo cin abinci shi kaɗai, na ga in ban faɗa ba ba mai faɗa. Na zayyana masa komai, ina yi ina jin kamar in nutse. Ya saurara yana ci.

"Horo ne aka yi masa?"

"Horo ne."

"Na wata nawa?"

"Uku."

"Kuma sai ya je can za a yi masa?"

"Sai ya je."

"To ki ce masa ya je. Zan riƙe. Allah ya sa a gama lafiya."

"Malam, ka ji fa da kyau. Ba hutu gare ka ke nan, ko rana ɗaya. Kuma Juma'arka ba za ta dawo ba."

"Na ji."

Na yi tsaki, ba don shi ba. Na ce, "Kai ba ka fushi ne? Gobe Juma'a ta huɗu ke nan da za ka rasa."

Ya ajiye cokali. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. "Na tambayi limaminmu. Ya ce mai tsaron abin da zai iya hallaka mutane yana da uzuri, in yi azahar a inda nake. Na gamsu da fatawar. Ƙafata ce ba ta ji ba, Maman Nasara. Tun ina shekara tara nake bin mahaifina Juma'a. Ɗaya saura tana yi sai in ga na kai tsakar fili, sai in tuna." Ya ɗauki cokalinsa. "Waken yau ya fi na jiya."

Da yamma na gaya wa Sulemanu an amince, ya sami mai riƙe masa Lahadi, ya je ya sha horonsa cikin kwanciyar hankali. Da na tsaya nan da ya fi. Amma ni ce, bakina ba ya da birki. Na gaya masa zancen ƙafar, da farar rigar da ke ƙarƙashin rigar aiki, da tsakar fili. Na gaya masa da zafi, don in ɓata masa rai, don nawa a ɓace yake. Ya tambaya ko akwai sauran ruwan wanka.

Ranar Juma'a, sha biyu da rabi, ina tsame shinkafa, sai ga mutum ya sauko daga Keke Napep da rigar aiki da takalmin aiki. Ya wuce ta gabana.

"Baban Nasara! Ina za ka? Yau hutunka ne."

"Na sani."

"Ka san abin da suka ce. In ka shiga, wata ukun nan ba zai tsaya a uku ba."

"Na sani, Lidiya. Ki ajiye mini da ɗan mai."

Ya nuna wa mai gadi katinsa ya shige. Ni da na kwana uku ina zagin kwamiti, sai ga shi ni ce nake so in kamo rigarsa. Tsoro ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Faɗa a baki daban, ganin mijinka a jikin bango kusa da tsintsiya daban.

Ba a yi minti biyar ba Malam Musbahu ya fito. Bai yi gudu ba, dattijo ne, amma ban taɓa sanin ƙafafunsa suna da wannan tsawon ba. Yana tafe yana cire rigar aiki. Ya miƙo mini ita ta saman tukunya ba tare da ya dube ni ba, ya bi sahun mutane.

Ranar Lahadi ta kama farkon wata, ranar Jibin Ubangiji. Mun isa da wuri. Dattijo Istifanus yana ƙofa da rajistarsa, ya ga Sulemanu, ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara da shekaru suna zama kafaɗa da kafaɗa. Ya ɗaga hannu zai nuna bencin, mijina ya riga shi.

"Na san hanya, Dattijo. Amma ka rubuta, shekaranjiya na riƙe wa Malam Musbahu Juma'a."

"Baba Sulemanu, ban tambaye ka ba. Ban ji ba ma."

"Ka rubuta. Zan riƙe mai zuwa, da ta bayanta. Kada kwamiti ya wahala da bincike."

"Ka san muddin kana yi ba za a ɗaga horon ba? Ba wata uku ba ne kuma. Ba shi da rana."

"Na sani."

Dattijo Istifanus ya rubuta. Sai da biron ya ƙi, ya karɓi nawa.

Sulemanu ya je ya zauna a tsakiyar bencin, ya ɗora littafin waƙarsa a cinya, ya miƙe bayansa. Shi kaɗai ne a kai. Mutane suna shigowa suna kallon ƙasa. Na tafi layin Zumuntar Mata na zauna, wuyana ya ƙi tsayawa gaba. Fasto Kefas ya hau mumbari, ya hango shi, ya ɗan tsaya, ya sha ruwa, sannan ya ci gaba. Wa'azin ya yi kyau, a kan alheri ne. Daga can baya mijina yana ta gyaɗa kai.

Aka zo Jibi. Dattijo Istifanus ne ya ɗauki farantin gurasa na ɓangaren maza. Layi bayan layi yana tafiya baya, ni ina riƙe da tawa gurasar ina binsa da ido. Ya gama layin ƙarshe. Tsakaninsa da bencin taku biyu ne. Sulemanu ya rufe ido yana addu'a, kuma da ya ji takun ya matso, hannunsa ya miƙe da kansa, tafin a buɗe, yadda ya saba tun yana saurayi. Dattijo Istifanus ya tsaya. Ya dubi hannun, ya dubi mumbari. Sannan ya juya da farantin.

Mijina ya buɗe ido ya ga hannunsa a waje. Ya dube shi kaɗan, ya mayar da shi kan gwiwarsa, ya rufe da ɗayan.

Fasto ya ce mu ci tare. Na sa gurasar a baki, na tauna, na tauna. Kuka nake yi sosai, irin mai majina, matar kusa da ni tana tsammanin Ruhu ne ya sauko mini. Ban taɓa jin zafin abu kamar hannun nan ba, ban kuma taɓa ƙaunar mutumin nan kamar ranar ba.

Da aka tashi ya jira kowa ya wuce ta gabansa, sannan ya fito. Muka taka har bakin titin Zariya. Muna jiran abin hawa ya juyo.

"Lidiya, ranar Juma'a ki riƙa sauke tukunya da wuri. Gara Malam Musbahu ya ci kafin ya tafi masallaci, in ya dawo ba ya samun wake."